Jeren Masu Rikiɗa

Bahaushe ba baƙo ba ne ga al'adar tara kaya a jera su don ido ya sha kallo. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a zamanin iyayenmu ya ga yadda ake ɗora kwalla kan kwalla, tasa kan tasa, har su doshi rufi, alhali galibinsu ba za su taɓa ganin tuwo ba. Sunan wannan abu jere, kuma ba mu taɓa jin wanda ya kira shi shiririta ba. Shi ya sa muke mamakin yadda baƙinmu a Sabon Garin Keffi kan yi turus idan suka ga kabad ɗin gilashi da muka cika da tsofaffin mutum-mutumin wasan yara, irin waɗanda ake lanƙwasawa su rikiɗa su koma mota ko jirgi. Mai kawaici ya kau da kai, wanda ya saba da mu kuwa ya ce, "Haba Malam, da girmanka?"

Asalin waɗannan kaya ƙasar Japan ne. A shekarar 1980 kamfanin Takara ya fara ƙera jerin da ya kira Diaclone, sannan a 1984 kamfanin Hasbro na Amurka ya haɗa su da wasu ire-irensu ya raɗa musu suna Transformers, ya kuma yi musu wasan zane na talabijin domin su shiga ran yara. Jagoransu Optimus Prime babbar mota ce, Bumblebee ƙaramar Volkswagen, Soundwave rikodar kaset, mugun cikinsu Megatron kuwa bindiga.

Mu da muka tashi a wancan lokaci, tun Keffi tana cikin Jihar Filato kafin a ƙirƙiro Nasarawa a 1996, ta kafa biyu suka riske mu. Ta farko akwatin talabijin, inda NTA ke nuna ɗan'uwansu Voltron, yara su yi cincirindo a tagar maƙwabci. Ta biyu kasuwar gwanjo, wadda ta bunƙasa bayan shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira. A nan akan tsinci ɗaya cikin tarkace, ba hannu, ko ba taya, bayan wani yaro a wata uwa duniya ya gama yayinsa.

Adana su sai da haƙuri. Rana tana mayar da farar roba ruwan ɗorawa, ƙurar hunturu tana shiga gaɓoɓi, tsohuwar gaɓa kuwa in aka matsa mata sai ta karye, ba ɗori. Masu tara su a Turai da Amurka sun fi daraja wanda ba a taɓa fitarwa daga kwalinsa ba, suna zuba maƙudan kuɗi a kansa. A nan muka raba hanya da su. A ganinmu abin wasan da hannun yaro bai taɓa ba, tamkar littafi ne da ba a buɗe ba. Mai gurguwar ƙafar nan shi ke da labari.

Sai dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne hawa na ƙasa a kabad ɗin, wanda muka keɓe wa namu na gida. Tun kafin na Japan su iso, yaron Bahaushe ya san rikiɗa. Ya ji ta a tatsuniya, inda mutum kan koma kura da dare, ya kuma yi ta da hannunsa. Yakan fere karan dawa ya fitar da mota har da ƙofa mai buɗewa. Yakan buɗe gwangwanin madara ya daddake shi ya zama gingimari, ya yanko tsohon silifa ya yi taya, ya lanƙwasa waya ta zama sitiyari mai tsawo da zai tuƙa yana tafe. Injiniyan Takara ya mayar da mota mutum, yaron unguwarmu kuwa ya mayar da shara mota. Amma na farko an san shekararsa da sunansa, na biyu gara da tsatsa sun cinye shi. Wannan hawa har yau bai cika ba, domin masu wannan fasaha suna ta ƙaranci tun da wayar hannu ta shiga hannun yara.

Mu ɗaliban adabi mun san abin da adanawa ke haifarwa. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913, a lokacin hirar dare ce kawai ta mata da yara, yau kuwa a kansu ake rubuta kundin digiri. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya ajiye ta. Don haka muke kira ga ɗalibanmu, idan an tafi hutu aka ga ƙane ya ƙera motar kara ko ta langa-langa, a roƙe shi, ko a saya. A rubuta garinsu da shekara da kayan da ya yi amfani da su, a kawo sashe. Kabad ɗaya ya isa a fara.