Gyaran Da Ya Fi Cutar Ɓarna



'Yan'uwana matasa, yau labarin wani kuskure nawa zan ba ku, ko Allah Ya sa wani ya tsira daga irinsa.

A watan Afrilun 2023 na harhaɗa kwamfutar tebur da hannuna, da kayan da na sayo a Sakkwato. A cikinta nake ajiye sakamakon jarrabawar ɗaliban Islamiyyarmu ta Boyekai, da hotunan rubuce-rubucen kakana waɗanda gara ta fara ci. Duk wanda ya san bazarar ƙasar Wurno da Rabah ya san zafi kan haura digiri 40. Fankar da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta gaza, kwamfutar ta riƙa mutuwa da rana tsaka. Sai na sayo kwancen kayan sanyayawa da ruwa: ɗan famfo, da tiyo, da faifan jan ƙarfe da ake ɗorawa kan furosesa, da lagireto na alminiyum.

Kuskurena na farko shi ne ruwan rijiya da na zuba, don na tafasa shi na ɗauka ya tsarkaka. Tafasawa ba ta cire gishirin ƙasa da ke narke a ruwa. Tataccen ruwa ake zubawa, tare da maganin hana tsatsa, domin jan ƙarfe da alminiyum in suka haɗu a ruwa ɗaya, alminiyum ɗin kan riƙa zagwanyewa.

Wata goma komai lafiya. A Fabrairun 2024, bayan ƙurar hunturu, sai mutuwar ta dawo. Ban bincika ba, na yanke hukunci cewa ƙanena ne ya lalata ta da wasanninsa. Na yi masa faɗa a gaban mahaifiyarmu. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, wallahi ban taɓa ta ba." Ban saurare shi ba.

Daren nan na buɗe ta a fusace. Na sauya man da ke kan furosesa, na cire ma'adanar wucin gadi na mayar, na jujjuya wayoyi, duk a zama ɗaya, har ban san wanne ya yi tasiri ba. Na ga bakin tiyo kamar ya saki, na matse shi da filaya har ya tsage ban lura ba. Ka'ida ita ce a kunna famfo shi kaɗai, babban allo ba wuta, a shimfiɗa takarda ƙarƙashin kowace mahaɗa, a jira kwana guda a ga ko za ta jiƙe. Ni kuwa minti biyar ban jira ba. Ɗigo ya sauka kan allo, na ji ƙauri, fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyara a Sakkwato. Ya ɗaga lagireton sama ya ce, "Malam, kana ganin haske ta cikinsa?" Ƙura ta toshe shi ƙam, faifan kuma ya cushe da dauɗar ruwan rijiya. Ya fahimtar da ni cewa ruwa ɗan aike ne kawai: yana ɗauko zafi ya miƙa wa iska ta lagireto, kuma ba zai taɓa yin sanyin da ya wuce na iskar ɗakin ba. Ita kuma mutuwar da kwamfutar ke yi kare kanta ne, domin furosesa kan kashe kansa idan zafinsa ya kai wajen digiri 100. Cutar ta wankewa ce da buroshi. Ni na kashe allon.

Alhamdu lillahi, faifan ajiya ya tsira, tare da rubutun kakana. Amma sakamakon zangon nan da biro na rubuta shi, kuma sai da na tara albashin wata biyu kafin na sayi wani allon. Na koma fanka, ina share ƙura duk wata, na kuma kwafe komai a wuri na biyu.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne tsayawa gaban ƙanena, inda na yi masa faɗan, in ce ya yafe mini. Ni da nake hana ɗalibai yanke hukunci ba hujja, ga shi na zalunci yaro a kan ƙura.

Ɗan'uwa, in na'urarka ta samu matsala, fara da dubawa kafin taɓawa, ka sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kada ka riƙe filaya kana cikin fushi.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.