Tsohuwar Land Rover ta daina karya ƙugu

Jama'a, ashe mota tana iya sake hali bayan ta tsufa! Wata Land Rover ce samfurin Series III, irin waɗanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, ta wani abokina mai jigila tsakanin Tambuwal da Kebbe. Na san ta sarai: ko tsakuwa ta taka sai ka ji a haƙoranka. Ran nan ya ce in raka shi Kuchi. Muka faɗa gargada, na damƙe ƙofa ina jiran duka. Shiru! Taya ta faɗa rami, motar ta ɗan sunkuya, ta miƙe abinta.

"Mi kaj ji, Malam?" ya ce yana dariya.

Na ce, "Don Allah tsaya!" Na diro na leƙa ƙarƙashinta. Babu sifirin ɗin nan mai falle-falle da aka jera aka ɗaure. A madadinsa sai murɗaɗɗen ƙarfe, ɗaya a bayan kowace taya.

A can ƙarƙashin na fahimci abin da ya fi ba ni mamaki. Ashe sifirin mai falle aiki biyu yake yi: yana ɗaukar nauyi, yana kuma riƙe aksul kada ya gusa. Mai murɗi kuwa nauyi kaɗai ya sani. Ka cire wancan ka sa wannan kawai, tayoyi su kama gabansu! Shi ya sa bakaniken da ya yi aikin ya ɗauko aksul biyu na wata matacciyar Land Rover Defender, har da dogayen hannuwan ƙarfen da ke hana su zuwa gaba ko baya, da sandar da ke gilmawa ta hana na gaba zamewa gefe. Mai walda ya dasa wa kowane sifirin mazauni a jikin shasi, da awo, domin ɗan kuskure kaɗan sai mota ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Aksul ɗin sun fi na asali faɗi, har tayoyin sun ɗan leƙo waje. Ga kuma gyara: birkin gaba ya koma na faifai.

Laushin fa? Fallayen nan gugar juna suke yi, ga tsatsa ga ƙurar hunturu, sai sun sha duka sosai kafin su lanƙwasa. Mai murɗi ba ya gugar komai, kuma yana barin taya ta sauka can ƙasa ta bi kwazazzabo. Kamfanin da kansa ya bi wannan hanya: Range Rover a 1970, sai One Ten a 1983.

Amma kada daɗi ya kwashe mu. A dawowa muka lafta buhunan gero, gindin motar ya zauna, ta shiga layi a kwana har na yi salati. Na tuna Toyota, da ta sa wa Land Cruiser 79 mai murɗi a gaba a 1999, ta bar mai falle a baya. Da motata ce, nan zan tsaya. Falle in ya karye, kowane garejin bakin hanya zai ɗaura maka wani, ka ma ƙara ɗaya don kaya. Mai murɗi sai an aika Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma can abokina ya nufa neman masu tauri kafin damina ta sauka.