Jirgin da ke Bin Ƙauyukan Finmak

Lardin Finmak da ke can ƙuryar arewacin Norwe ya fi ƙasar Denmak girma, amma mutanensa ba su wuce dubu 75 da 'yan kai ba. Garuruwansu a warwatse suke bakin teku, kowanne teku ta sha gabansa, duwatsu sun tsare bayansa. Wanda ya duba taswira sai ya ce ai kusa suke da juna, har sai ya kama hanyar mota.

Daga Tromso zuwa Kirkenes, kusa da iyakar Rasha, jirgin da ke tafiya kai tsaye sa'a ɗaya da 'yan mintoci yake yi. A mota kuwa kilomita kusan 800 ne, yini guda cur. Ni dai na zaɓi jirgin da ke bin gaɓar teku yana sauka gari-gari: Hammerfest, Honningsvag, Mehamn, Berlevag, Batsfjord, Vardo, Vadso. Na kamfanin Widerøe ne, wanda aka kafa a 1934, ƙaramin Dash 8 mai farfela biyu da kujeru 39. Tsakanin wasu garuruwan minti 15 ne ko 20 a sama. Kafin ka gama gyara zama an saki tayoyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutanen wurin suka ɗauke shi, tamkar motar kasuwar ƙauye. A wata tasha wata dattijuwa ta shigo da 'yar jakarta da takardar asibiti a hannu, ta gaida ma'aikaciyar jirgin kamar sun saba. Mutum biyu suka sauka, uku suka hau. Ma'aikaci guda na gani ya yi wa jirgin alamar tsayawa, shi ne kuma ya fito da kaya, ya ɗaga wa matuƙi hannu. Ɗakin jiran bai fi aji ɗaya na makaranta ba, amma tsaf, da ɗumi.

Da gangan aka tsara wannan. Tun ƙarshen shekarun 1960, zamanin ministan sufuri Hakon Kyllingmark, gwamnati ta ƙuduri aniyar gina ƙananan filayen jirgi masu titin da bai wuce mita 800 ba, domin gajeren fili kaɗai duwatsun ke bayarwa. Na farko sun buɗe a 1968, na Finmak da dama a 1974. Har yau gwamnati ke tallafa wa waɗannan hanyoyi da kuɗi, ita kuma ke ƙayyade iyakar kuɗin tikiti. A ganina adalci ne babba, a ce masuncin Berlevag yana da haƙƙin isa ga likita kamar mazaunin Oslo.

Vardo ta fi Istanbul kusa da gabas, ga ta a tsibiri, filin jirginta yana tsallake, sai an bi ramin ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1982. Daga Vadso zuwa Kirkenes kuwa ruwa kawai za a ƙetare, kwata ɗin sa'a, alhali mai mota sai ya zagaye kilomita 170. Da hunturu, lokacin da rana ke yin makonni ba ta fito ba, ƙanƙara na rufe hanyoyin tsaunuka, motoci su yi jerin gwano bayan motar share hanya. Iska ma takan hana jirgin sauka, matuƙi ya wuce zuwa gari na gaba, fasinjan ya jira wanda zai dawo da shi.