Attajirai shida da igiya a wuya

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, gani kuwa ya kori ji. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa birnin Landan, ko don fatauci ko don wani taro na aikin gwamnati, abin da ake fara nuna masa shi ne ginin majalisar dokokin Ingila da hasumiyar agogon nan ta Big Ben. Baƙi kan yi cincirindo a wurin, su ɗauki hoto, su juya. Kaɗan ne daga cikinsu ke ƙarasawa ƙarshen ginin ta wajen kudu, inda wani ɗan lambun shaƙatawa yake shimfiɗe a bakin kogin Tems. Sunansa Victoria Tower Gardens, ya ci sunan doguwar hasumiyar da ke tsaye a kansa, mai tsawon mita 98. Daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Westminster tafiyar ba ta wuce minti goma a ƙasa, kuma ba a biyan ko sisi kafin a shiga.

A cikin wannan lambu ne wasu mutane shida na tagulla suke tsaye tun shekarar 1915, ba takalmi, ba hula, kowane da igiya a wuya. Faransawa na kiransu Les Bourgeois de Calais, wato attajiran birnin Kale. Wanda ya ƙera su shi ne Auguste Rodin, Bafaranshe, wanda aka haifa a 1840 ya rasu a 1917. Ba gumakan bauta ba ne, babu mai durƙusa musu. Tarihi ne aka zuba cikin ƙarfe, don wanda bai karanta littafi ba ya karanta da idonsa.

Da muka isa wurin da hantsi, lambun shiru yake. Dogayen itatuwa sun yi layi a gefen kogi, da kujerun zama a ƙarƙashinsu, ma'aikata na fitowa daga biro ɗaya-ɗaya da abincinsu a hannu. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne, babu inda mutum zai tsaya ya ga fuskokin mutanen nan shida gaba ɗaya. Kowane ya fuskanci nasa gefe. Tilas sai ka zagaya su sannu a hankali, kamar mai zagayen rumfunan kasuwa, kana cin karo da su ɗaya bayan ɗaya. Kowanensu ya kusa mita 2 a tsaye, hannuwansu da ƙafafunsu sun fi na mutum girma, rigunan da ke jikinsu kamar buhu, suna nauyi har ƙasa.

Kafin mai karatu ya gane abin da ya sa manyan mutane suka fito cikin wannan kama, sai mu koma baya shekaru kusan ɗari bakwai. Kale gari ne na bakin teku a arewacin Faransa, yana kallon Ingila ta inda mashigin ruwan da ya raba ƙasashen biyu ya fi ƙunci, kamar kilomita 33. Duk mai riƙe da shi yana riƙe da ƙofar ciniki da ta yaƙi. A watan Agusta na 1346 sarkin Ingila Edward na uku ya karya rundunar Faransa a Crécy, a Satumba kuma ya zo ya yi wa Kale zobe. Ganuwar garin ta gagare shi, sai ya zauna ya bar wa yunwa aikin. Wata goma sha ɗaya ana cikin wannan hali. Sarkin yaƙin garin, Jean de Vienne, ya rubuta wa sarkin Faransa Philippe na shida cewa sun cinye dawaki da karnuka da kyanwoyi. A ƙarshen Yuli na 1347 Philippe ya iso da runduna, har mutanen gari suna hango tutocinsa daga kan ganuwa, amma ya ga babu hanyar kutsawa, ya kwashe ya koma. Gari ya rasa mai ceto.

Abin da ya biyo baya, marubucin tarihi Jean Froissart ne ya fi kowa ba da labarinsa. Edward ya fusata da tsawon zaman da asarar da ya yi, ya so ya hukunta garin baki ɗaya. Da hakimansa suka ba shi baki, sai ya sa sharaɗi: a fito masa da mutum shida daga cikin manyan gari, kai a buɗe, ƙafa ba takalmi, igiya a wuya, da makullan gari da na fadar tsaro a hannunsu. Zai yi da su yadda ya ga dama, sauran jama'a su tsira da rayukansu. Aka buga ƙararrawa, aka taru a dandalin kasuwa, aka faɗi sharaɗin. Wanda ya fara miƙewa shi ne Eustache de Saint-Pierre, wanda ya fi kowa dukiya a garin. Jean d'Aire ya bi shi, sannan ƴan uwa biyu, Jacques da Pierre de Wissant. Sauran biyun, Jean de Fiennes da Andrieu d'Andres, wasu takardu ne suka adana sunayensu. Da aka kai su gaban sarki ya ce a sare kawunansu. Sai matarsa, sarauniya Philippa, ta durƙusa ta roƙe shi, ya bar mata su. Ta sa aka cire musu igiya, aka tufatar da su, aka ba su abinci.

Rodin bai zaɓi lokacin afuwa ba. Ya zaɓi lokacin da suka bar dandali suka nufi ƙofar gari, kowa yana ganin ba zai ga faɗuwar ranar ba. Ga Eustache, tsoho mai gemu, kafaɗu sun ranƙwafa, hannuwa sun saki, ya ɗaga ƙafa zai taka. Ga Jean d'Aire ya tsaya ƙyam, ya ciji baki, ya riƙe ƙaton makulli da hannu biyu kamar wanda za a ƙwace wa ɗa. Ga Pierre de Wissant ya murɗa jiki, ya ɗaga hannu sama, kansa ya kauce gefe. Ga ƙaramin cikinsu, Jean de Fiennes, ya buɗe hannuwa, baki a sake, kamar mai tambayar abin da ya yi. Shi kuwa Andrieu d'Andres ya sunkuya ya dafe kai da hannu biyu, da ƙyar ake ganin fuskarsa. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar kotu ko a ƙofar ɗakin tiyata ya san waɗannan fuskoki. Babu wanda ya yi kama da jarumin tatsuniya a cikinsu. Tsoro ya kama su, amma ƙafafunsu na tafiya.

Wannan ne ya haɗa maƙerin da masu ba shi aiki. A 1884 magajin garin Kale, Omer Dewavrin, ya nemi a yi abin tunawa da wannan lamari. Faransa ba ta daɗe da shan kashi a hannun Jamusawa ba a yaƙin 1870, kowane gari yana neman gwarzon da zai ɗaga masa kai. Kwamitin garin ya so a yi Eustache shi kaɗai, a kan dogon dakali, ƙirji a gaba. Rodin ya kawo musu mutum shida. Ya fara gina kowane da yumɓu ba tufafi, don ƙashi da jijiya su zauna daidai, sannan ya lulluɓe su da riguna. Da kwamiti ya ga samfurin sai ya yi ƙorafi cewa an mayar da manyansu kamar masu laifin da za a kai wa hauni. Ana cikin haka bankin da kuɗin aikin ke ciki ya karye a 1886. An gama aikin a 1889, amma sai da aka haɗa da tambola kafin a sami kuɗin zuba tagulla, aka buɗe shi a Kale ranar 3 ga Yuni 1895.

Gardamar ba ta ƙare a nan ba, ta koma kan dakali. Ɗaya daga cikin shawarwarin Rodin ita ce a ajiye su a ƙasa, a kan daɓen dandali, don ƴan gari masu zuwa kasuwa su riƙa gogar kafaɗa da su. Mahukuntan Kale suka ɗora su bisa dakali, suka kewaye da shingen ƙarfe. Sai bayan rasuwarsa aka sauko da su ƙasa-ƙasa a gaban ma'aikatar magajin gari, inda suke har yanzu. A Landan kuwa Rodin da kansa ya nemi a ɗaga su sama, don a hango su da hasumiyar majalisa a bayansu, aka yi musu dakali mai tsawon kamar mita 5. Shekara arba'in mutane suna ɗaga kai ba su ganin fuska, har aka sauko da su a 1956. Yau mai ziyara yana iya duban idon Eustache ba tare da ya wahalar da wuyansa ba.

Dokar Faransa ba ta yarda a zuba irin wannan aiki fiye da sau 12 ba. Akwai shi a Paris, a farfajiyar gidan tarihin Rodin, akwai a Kopenhagen da Washinton da Tokyo, na ƙarshe an zuba shi a 1995 aka kai Seul. Amma na Landan ya fi sauran abin dubawa. An zuba shi a 1908, wata ƙungiyar masu saya wa ƙasar Ingila kayan fasaha ta saye shi a 1911. Jikokin waɗanda suka ci garin ne suka kashe kuɗinsu suka kafa waɗanda aka ci a gindin majalisarsu, inda ƴan majalisa ke wucewa. A lambun ɗaya akwai mutum-mutumin Emmeline Pankhurst, wadda ta sha ɗauri don mata su sami ƴancin jefa ƙuri'a, da wata ƴar hasumiya ta tunawa da ƴanta bayi a ƙasashen da Ingila ke mulka a 1834. Duk abubuwa ne da masu mulki suka ƙi da farko, daga baya suka sakko.

Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci sai a faɗe ta. Masana tarihi sun daɗe suna tankaɗe labarin Froissart. Yana yaro ɗan shekara goma lokacin da abin ya faru, daga baya kuma ya yi wa sarauniya Philippa aikin magatakarda, don haka ba abin mamaki ba ne ya yabi uwargijiyarsa. Fita da igiya a wuya al'ada ce sananniya ta miƙa wuya a wancan zamani, sau da yawa an riga an shirya afuwar. Takardun da aka tono a Landan cikin ƙarni na 18 sun nuna cewa Edward ya ba Eustache gidaje da albashin shekara-shekara, ya ci gaba da zama a garin. Talakawan Kale kuwa, waɗanda aka ce an cece su, an kore mafi yawansu, aka zuba Turawan Ingila a gidajensu. Garin ya zama kasuwar ulun Ingila daga 1363, bai koma hannun Faransa ba sai 1558. Ke nan ko a cikin labarin sadaukarwa, babba ya faɗi a kan katifa, talaka a kan tsakuwa.

Duk da haka, abin da Rodin ya zuba cikin tagulla bai rushe ba. Wanda ya fita gaban sarki mai fushi da igiya a wuya ba ya da tabbacin komai, ko da an yi masa alkawari a asirce. Kuma abin da jama'ar Kale suka zaɓi su riƙe tsawon ƙarni biyar, har suka tara kuɗi don a ƙera shi, ƙa'ida ce da kowane Bahaushe ya sani: babba juji ne. Wanda ya fi kowa cin moriyar gari lokacin wadata, shi ya kamata ya fara miƙewa ranar da gari ya shiga uku. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Jama'a masu karatu, ƴan kasuwa da ma'aikata, babu mai neman kanmu a yau, kuma ba mu fatan ganin irin wannan rana. Amma igiyar tana zuwa da wasu kamanni. Tana zuwa wa mai sito cike da hatsi a shekarar da damina ta yi gardama, ya zaɓa tsakanin buɗe ƙofa da jiran tsada. Tana zuwa wa shugaban ma'aikata ranar da aka yi ɓarna a ƙarƙashinsa, ya zaɓa tsakanin ɗaukar laifi da tura ƙaramin magatakarda gaba. Mutanen Kale ba su tuna wanda ya fi yawan jiragen ruwa ko rumbuna a 1347 ba. Sunaye shida suka riƙe. Allah ya ba garuruwanmu manyan da za su miƙe in an buga ƙararrawa, ya kuma kare mu daga ranar da za a buga ta.