Dariyarku Ce Take Ɗaure Musu Harshe

Jiya da yamma 'yar yayata ta dawo gida Unguwar Dosa idanunta jawur. Bara ta samu gurbin karatun Faransanci. An kira ta ta gabatar da aikinta a gaban aji, takarda na rawa a hannunta, ta kuskure furucin kalma ɗaya, aji ya kwashe da dariya, malamin ma ya taya su. Nan take duk abin da ta kwana tana bita ya ɓace mata.

Dariyar nan ce ta tsaya min a rai. Yaro ya taso a gida an hore shi da sunkuyar da kai gaban manya, rana ɗaya a ce ya miƙe ya yi jawabi da harshen da ba na uwarsa ba, sannan a saka masa da ba'a? Me ya sa ake kai ɗaliban Faransanci Badagry, aka kuma kafa wa na Larabci ƙauye a Ngala? Don bakinsu ya saba ne, baki kuwa ba ya sabawa sai da tuntuɓe.

Na san wani zai ce ina goyon bayan lalaci. A'a. Malam ya gyara, ya rage maki in ya cancanta, haƙƙinsa ne. Amma gyara daban, tozartawa daban.

Ɗalibanmu na Kawo, Malali da Unguwar Rimi, ga ɗan abin da na sani. Kada ku haddace jawabi dungurungum, domin kalma ɗaya na suɓucewa sauran sun bi ta. Rubuta kanun maganar a 'yar takarda. Ɗauki muryarka a waya ka saurara. Tara ƙannenka a tsakar gida ka yi musu jawabin. In kalma ta ɓace, ka zagaya ka faɗe ta da wasu kalmomin. In ba ka gane tambaya ba, ka nemi a maimaita, ba abin kunya ba ne.

Annabi Musa, alaihis salam, shi kansa ya roƙi Allah Ya warware masa harshe kafin ya tunkari Fir'auna. Suratul Hujurat kuwa ta hana mu yi wa juna izgili. To, masu dariya daga bayan aji, da wace hujja?

Malamai, ku ji tsoron Allah, ku tsawatar a azuzuwanku. 'Ya'yan mutane amana ce a hannunku.