Inji Yana Kuka, Mota Ba Ta Motsi

Mu da muke zaune wajen Galadi, a ƙasar Shinkafi, mun san abin da rairayi da taɓo su kan yi wa ƙaramar mota. Shi ya sa tsohuwar jif take da daraja a wurinmu. Yawancinsu Land Cruiser ne ko Pajero na shekarun 1990, waɗanda aka gama morarsu a Turai ko Amurka kafin su iso mana. Da yawa kuwa masu giyar otomatik ne, babu kuloci a ƙafa. Ta makarantarmu ma irinsu ce. Ita ke kai hatsi kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ita ce kuma mai kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

To, akwai wata cuta da ta kan kama irin waɗannan motoci. A tada inji lafiya lau, a sa giya a D, a taka totur, inji ya yi ta kuka, mota kuwa ko gezau. A sa ribas, haka nan. Nan da nan sai ka ji an ce, "Giyabos ya mutu, sai an sauke shi an kai Gusau." Ya mai karatu, kada ka yarda tukuna. Gama sauke giyabos ya kan cinye kuɗin amfanin gona na shekara, sau da yawa kuma ba can ciwon yake ba.

Tamu ta yi mana haka a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara, ba dama mu kira bakanike daga Ƙauran Namoda. Muka tsaya muka duba da kanmu. Jif tana da ƙaramin sandan giya na biyu, na taimako, mai alamar H da N da L. Ashe wanda ya fito da ita daga rairayi da daddare bai mai da sandan H sosai ba, ya tsaya a N. In sandan nan yana N, giyabos zai yi ta juyi, amma ƙarfin ba zai kai ƙafafu ba. Muka tura shi wurinsa, ta tashi. Ko kwabo ba mu kashe ba. A lura kuma, motar da ke haka tana iya gangarawa ko da babbar giya tana P.

In ba wannan ba ne, sai mai. Giyar otomatik da matsin mai take aiki. Inji ke juya famfo, famfo ya tura mai, man ya matse fayafayan kuloci da ke ciki. Mai ya yi ƙasa, babu matsi, babu tafiya. A kan auna shi a wuri mai baibai ɗaya, wato inda ƙasa ba ta karkace ba, inji yana aiki ya kuma yi zafi, giya tana P ko N yadda littafin motar ya faɗa. Sa'an nan a ɗiga shi a farar takarda. Mai lafiya ja ne garau. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, fayafayai sun ƙone. In kuwa ya koma kamar kunu mai ruwan hoda, ruwa ya shiga, ko dai wajen ƙetare gulbi da damina, ko kuwa bututun sanyaya mai da ke cikin lagireto ya fashe. Ruwa ya kan ɓamɓare fatar fayafayan, saboda haka kada a ƙara tuƙa ta sai an juye man an gyara kafar. Mun sha ganin masu zuba baƙin mai na inji a ciki don ya fi araha. Wannan ganganci ne.

Bayan haka wani ya kwanta ƙarƙashin mota, inji a kashe, an sa duwatsu a ƙafafu, wani kuma ya motsa sandan giya daga ciki. In hannun da ke jikin giyabos bai motsa ba, 'yar roba ce ta cinye a bakin kebur.

Motar kanta ta kan ba da labari ga mai natsuwa. Wadda ta tafi da sanyi, ta tsaya bayan 'yan mintoci, aka kashe ta kaɗan ta sāke tafiya, matacin mai ne ya toshe. Wadda take yin ribas ba ta yin gaba, ko wadda manta ba ya sauka a sandan awo in an tada inji, ciwonta na ciki ne, aikin bakanike ne.

Sai dai kai ta wurinsa ma da dabara. Turi ba ya tada ta, gama famfo ba ya juyi sai da inji. Saboda wannan dalili kuma, in za a ja ta har Ƙaura ko Gusau, a kwance farfela ta gaba da ta baya tukuna, ko a ɗora ta a kan babbar mota.