Zamanin da tafin hannu ne awon masassara

A Magariya da Dungas, da can idan uwa ta kai yaro likita jikinsa zafi rau, malamin asibiti tafin hannu yake ɗora masa a goshi, ya ja fatar ido ya duba, ya ce masassarar sauro ce. Sai Nibakin, ko allurar kinin. Madubin awon jini yana babban asibitin Magariya, kuma wa zai ɗauko yaro daga Malawa ko Dogo-Dogo a amalanke cikin damina don a ɗiga jininsa a gilashi? Sau da yawa hasashen yakan dace, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. Amma yaron da ciwon haƙarƙari ko sanƙarau ke ci, shi ma Nibakin ɗin yake sha.

A 2005, shekarar yunwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta sauka Magariya. Ba da daɗewa ba gwamnati ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, sannan a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna kafin a ba da maganin masassarar sauro. Sai ga ɗan awon gaggawa ya shigo har ɗakunan shan magani na ƙauye: a huda yatsa, ɗigo guda, minti 15, layi ɗaya ko biyu.

A ganina wahalar tana wurin layi ɗaya. Uwa ta taka rana, an ce babu ƙwayar cutar, ita kuwa ta ce, "Malam, a dai yi masa allura." Nan ake gane gwani. Yakan buɗe rigar yaron ya ƙirga numfashi, ya leƙa kunne da maƙoshi, ya ɗaura zaren awo a damtse, in bai kai milimita 115 ba tamowa ta yi tsanani. Layi biyun ma ba ya rufe magana, don awon yakan ci gaba da nunawa makonni bayan an warke.

A daminar 2018 sashen yara na asibitin Magariya ya kwantar da sama da 700 lokaci guda. A irin wannan cunkoso babu sararin rubuta awo barkatai. Wanda tafinsa ya yi fari fat a auna yawan jininsa nan take, don a san ko ƙarin jini yake bukata, wanda ya suma a auna sukarinsa. Mai mura kuwa, yana wasa yana shan nono, babu dalilin huda masa yatsa sau biyu.